Tiyatar Balan-balan Don Magance Zogin Jijiyar Fuska

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da suka daɗe suna ci wa likitoci tuwo a ƙwarya akwai wani irin zogi da ke kama gefe ɗaya na fuska, wanda waɗanda suka ɗanɗana shi kan kwatanta shi da jan wutar lantarki ko sukar tsinin wuƙa. Zogin ba ya daɗewa, domin daga ƙiftawar ido zuwa minti biyu ya wuce, sai dai yakan dawo sau da yawa a wuni guda. Abin da ke tayar da shi kuwa bai taka kara ya karya ba. Wanke fuska, ko goge baki da asuwaki, ko tauna, ko magana, kai ko iskar hunturu ce ta bugi kunci, ta isa ta tayar da shi. Saboda haka ne ake samun mai wannan ciwo ya ƙaurace wa abinci har ya rame, ya daina wanke gefen fuskar da ke ciwo, ya rage shiga mutane don gudun a ja shi da hira.

A nan za a yi bayani ne a kan ɗaya daga cikin hanyoyin tiyata da ake bi wajen magance wannan ciwo, wato matse tushen jijiyar da ɗan ƙaramin balan-balan. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, a wannan aiki da gangan likita yake yi wa jijiya rauni, kuma gwanintarsa tana ga auna raunin, kada ya gaza, kada kuma ya wuce kima.

Jijiya mai rassa uku

Kafin a yi nisa, akwai buƙatar a warware wata matsala ta harshe. Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Hanyar da jini ke bi jijiya ce, zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki jijiya ce, haka ma agara. Da yake wannan ciwo ya shafi biyu na farko a lokaci guda, malamin da zai yi wa ɗalibai bayaninsa dole ya bambanta su, in ba haka ba zance ya cakuɗe. A nan za a kira ta farko jijiyar jini, ta biyu kuwa jijiyar saƙo, ko kuma jijiya kawai.

Jijiyoyin saƙo goma sha biyu ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe na kai. Ta biyar a jerinsu ita ce mafi kauri, kuma likitoci na kiran ta tirajeminal, daga kalmar Latin mai nufin 'yan uku, saboda ta rabu gida uku. Reshe na farko yana kula da goshi da ido da doron hanci. Na biyu yana kula da kunci da leɓen sama da haƙoran sama. Na uku kuwa nasa ne muƙamuƙin ƙasa da haɓa da haƙoran ƙasa, kuma shi ne ke ɗauke da zaren da ke motsa tsokar tauna. Duk abin da fuska ta ji, taɓawa ne ko zafi ko sanyi, ta waɗannan rassa yake isa ƙwaƙwalwa.

Rassan uku suna haɗuwa a wani ƙulli da ke cikin ƙoƙon kai, can ƙasa, wanda ake kira ƙullin Gasser. Ƙullin yana zaune cikin wata 'yar jaka ta fatar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa, wadda ake kira kogon Meckel, da sunan Bajamushen da ya yi bayaninta a 1748. Daga ƙullin sai jijiyar ta zama saiwa guda, ta bi ta wata 'yar ƙofa a bayan kogon, ta shige gindin ƙwaƙwalwa. Wannan kogo shi ne fagen aikin da za a yi magana a kansa.

Musabbabin ciwon

An daɗe da sanin ciwon kafin a san musabbabinsa. Likitan Faransa Nicolas André ya raɗa masa suna a 1756 saboda yamutsewar da fuska ke yi idan ya taso, sannan John Fothergill ya yi cikakken bayaninsa a Landan a 1773. Amma sai a 1934 ne Walter Dandy, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka, ya bayar da rahoton cewa a da yawa daga cikin majinyatan da ya buɗe yakan tarar da jijiyar jini ta kwanta a kan saiwar jijiyar, dab da inda take shiga ƙwaƙwalwa.

Yadda abin yake faruwa shi ne, zaruruwan da ke cikin jijiyar saƙo da yawansu suna da wata riga ta kitse mai suna mayalin, wadda aikinta ya yi kama da na robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Idan jijiyar jini ta shekara da shekaru tana bugun wuri ɗaya da kowane bugun zuciya, sai rigar ta ƙoƙe. Daga nan sai zaruruwan da suka tsiraita su riƙa harba saƙo ba gaira ba dalili, saƙon kuma yana tsallakawa daga wannan zare zuwa wancan. Ta haka ne saƙon taɓawa mai sauƙi yake isa ƙwaƙwalwa a matsayin azaba. A wasu 'yan tsirarun majinyata ƙari ne ke danne jijiyar, wasu kuma suna da cutar nan mai cinye rigar jijiyoyi da ake kira MS. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaukar hoton kai da na'urar MRI kafin a yanke shawarar magani.

Ciwon ba mai yawa ba ne. Wani bincike da aka yi a garin Rochester na jihar Minesota a Amurka, wanda ya duba shekarun 1945 zuwa 1984, ya samu kimanin mutum 4 a cikin kowane 100,000 suna kamuwa da shi a shekara. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, ya fi kama mata, ya kuma fi zama a reshe na biyu da na uku. Zamansa a waɗannan rassa biyu shi ne ke jawo babbar asara, domin majinyaci yakan ɗauka ciwon haƙori ne. Da yawa sai an cire musu lafiyayyun haƙora, ɗaya bayan ɗaya, zogin na nan daram, kafin a gano inda gizo ke saƙa.

Ba da tiyata ake farawa ba. Magungunan rage zafi na yau da kullum irin su farasitamol ba sa yi wa wannan ciwo komai. Wanda ke aiki shi ne kabamazafin, maganin da aka fi sani da na farfaɗiya, wanda aka nuna amfaninsa ga wannan ciwo a Suwidin a 1962, sai kuma ɗan'uwansa okskabazafin. Mafi yawan majinyata suna samun sauƙi da shi a farko. Matsalar ita ce, da tafiya ta yi nisa wasu sai an yi ta ƙara musu adadin da suke sha, ga jiri, ga yawan barci, ga tangaɗi, wani lokaci har da raguwar gishirin jini ko ƙuraje masu haɗari. Idan magani ya gaza, ko jiki ya kasa ɗaukarsa, sai a koma ga tiyata.

Asalin dabarar

Tarihin wannan aiki yana da ban sha'awa, domin ta bayan gida aka gano shi. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 abin da likitoci ke yi shi ne su buɗe ƙoƙon kai su cire ƙullin ɗungurungum, ko su datse saiwar. Zogi yakan tafi, amma rabin fuska ya mutu ke nan har abada, ido kuma yana cikin haɗari tunda ba ya jin abin da ya faɗa masa.

A 1952 wani likita a Denmak, Palle Taarnhøj, ya zo da wata shawara: maimakon a datse jijiyar, a tsaga jakar da ta ƙunshe ta don ta samu sarari. Aka yi haka, majinyata suka samu sauƙi. Amma sai Hunter Shelden da Robert Pudenz da abokan aikinsu a Kalifoniya suka lura da wani abu. Waɗanda suka fi samun sauƙi mai ɗorewa su ne waɗanda aka ɗan murje jijiyarsu yayin aikin, har suka farka da raguwar ji a fuska. Ke nan ba sararin da aka ba jijiyar ne ya yi maganin ba, dannar da ta sha a hannun likita ce. Don haka a 1955 suka bayar da rahoton wata sabuwar hanya, inda suke buɗe kai su danna ƙullin da gangan.

Saura yadda za a kai ga ƙullin ba tare da an fasa ƙoƙon kai ba. Ita ma wannan hanya tana nan tun tuni. A gindin ƙoƙon kai akwai wata ƙofa mai siffar ƙwai, tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, wadda reshe na uku ke fitowa ta cikinta. Tun a 1912 Bajamushe Fritz Härtel ya nuna yadda za a soka allura ta kunci a miƙe har zuwa wannan ƙofa. Abu na uku da ake buƙata shi ne abin dannawa, shi ma an same shi daga wani fanni daban. A farkon shekarun 1960 Thomas Fogarty ya ƙirƙiro wani siririn bututu mai ɗan balan-balan a bakinsa, don zaro gudan jini daga jijiyoyin jinin da suka toshe.

Wanda ya haɗa waɗannan abubuwa uku wuri guda shi ne Sean Mullan, haifaffen Ayalan da ke aiki a Jami'ar Shikago. Ya fara gwada dabarar a 1978, sannan a 1983 shi da Terry Lichtor suka wallafa sakamakon majinyata 50 na farko. Da wuya a ce ya ƙirƙiro wani sabon kayan aiki. Abin da ya yi shi ne ya ga dangantakar da wasu ba su gani ba.

Yadda ake yin aikin

Ana sa majinyaci barci gaba ɗaya, a kwantar da shi rigingine. Ana kafa na'urar hoton ƙashi mai nuna abin da ke gudana nan take a allo, domin da ita likita zai ga inda allurarsa ta nufa. Sai ya auna kimanin santimita biyu da rabi daga kusurwar baki, a gefen da ke ciwo, ya soka wata allura mai kauri da rami a cikinta. Yakan sa yatsa ɗaya a cikin bakin majinyaci don ya tabbatar allurar ba ta huda zuwa cikin baki ba, saboda in ta huda za ta kwashi ƙwayoyin cuta ta kai su cikin kai. A hankali yake tura ta sama da baya, yana duba allo, har ta isa bakin ƙofar nan mai siffar ƙwai. A nan allurar take tsayawa.

Daga nan sai a zura bututun Fogarty ta cikin ramin allurar, ya wuce bakinta da abin da bai kai santimita biyu ba, ya shiga kogon Meckel. Ba iska ake hura wa balan-balan ɗin ba. Wani ruwa ake ɗura masa wanda ke fitowa sarai a hoto, kuma adadinsa kaɗan ne ƙwarai, tsakanin kashi uku cikin huɗu na mililita zuwa mililita ɗaya, wato bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi ba.

A wannan gaɓa idon likita yana kan siffar da balan-balan ɗin zai ɗauka. Idan yana inda ya dace, zai cika kogon ya yi ciki, sannan wani ɗan sashe nasa ya kutsa ta ƙofar bayan kogon, inda saiwar jijiyar ke fita. Turawa na kwatanta wannan siffa da ta wani ɗan itace nasu, amma Bahaushe in ya ga hoton gora mai wuya zai tuna. Wannan wuyan gora shi ne shaidar cewa saiwar tana shan matsi tsakanin balan-balan da gefen ƙofar. In kuwa siffar ta fito kamar ƙwai ko ƙwallo, alama ce ta cewa bututun bai zauna daidai ba, sai a sace ruwan a sake saiti.

Da siffar ta tabbata sai a fara ƙidayar lokaci. A farkon al'amari Mullan yakan bar matsin na tsawon mintuna da dama, amma da aka ga hakan na barin mutane da mutuwar fata mai damuwa sai aka rage. A yau galibi minti ɗaya zuwa biyu ne, wasu kuma kan kai uku ga wanda ciwonsa ya dawo. Sai a sace ruwan, a zaro bututu da allura tare, a danne kuncin na wasu mintuna don kada jini ya taru. Babu ɗinki, sai ɗan filasta. Aikin duka ba ya cika kaiwa awa guda, kuma majinyaci kan koma gida ranar ko washegari.

Akwai wani abu da likitan sa barci ke zaman jiransa. A lokacin da allura ta taɓa ƙofar, ko balan-balan ya kumbura, bugun zuciya kan faɗi farat ɗaya, wani lokaci har ta ɗan tsaya na 'yan daƙiƙu. Martani ne da jiki ke mayarwa idan an tsokani wannan jijiya. Don haka ake ajiye allurar atirofin a kusa, wasu asibitoci kuma suna manna wa majinyaci na'urar daidaita bugun zuciya tun kafin a fara. Da an saki matsin zuciya kan koma daidai.

Me ya sa matsi ke kashe zogin?

Tambayar da za ta zo wa mai tunani ita ce: in matsin jijiyar jini ne ya haddasa ciwon, yaya wani matsin zai zama magani? Amsar tana ga bambancin zaruruwan da ke cikin jijiyar. Akwai masu kauri da ke sanye da rigar mayalin, waɗanda ke ɗaukar saƙon taɓawa. Akwai kuma sirara, wasunsu ma ba su da rigar, waɗanda ke ɗaukar saƙon zafi, su ne kuma ke sa ido ya ƙifta idan wani abu ya taɓa shi. Gwaje-gwajen da Jeffrey Brown da abokan aikinsa suka yi a kan zomaye a tsakiyar shekarun 1990 sun nuna cewa matsin balan-balan ya fi raunana masu kaurin, ya bar sirara kusan lafiya lau.

In aka tuna cewa taɓawa mai sauƙi ce ke kunna zogin, sai a ga hikimar abin. Matsin jijiyar jini ya ƙoƙe zaruruwan ne kawai, ya bar su suna harbin saƙon ƙarya. Matsin balan-balan kuwa ya raunana su har sun yi shiru, wato an cire kunamar bindiga. Wannan ne kuma ya sa ake fifita wannan hanya ga wanda ciwonsa ke reshe na farko, domin ido yana ci gaba da jin abin da ya faɗa masa, ya ƙifta, ya kare kansa.

Sakamako da abin da ake biya

Kimanin tara cikin kowane majinyata goma suna farkawa daga barcin tiyata babu zogin. Ga mutumin da ya shafe watanni yana tsoron cokali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba a samun sa kyauta. Mafi yawansu sukan ji gefen fuskar ya yi nauyi, kamar yadda leɓe ke yi bayan allurar likitan haƙori. Hasali ma likitoci na ɗaukar wannan raguwar ji a matsayin alamar aiki ya ci. Takan ragu cikin watanni, ko da yake ga wasu ba ta gushewa sarai. Tsokar tauna ta wannan gefe ita ma takan yi rauni na makonni ko watanni, shi ya sa ba a yi wa gefe biyu a lokaci guda. Sau da yawa ƙurajen nan da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi sukan fito 'yan kwanaki bayan aikin, kunci kuma kan kumbura.

Illolin da suka fi tsanani ba su cika faruwa ba: ganin abu ɗaya ya zama biyu na ɗan lokaci, sanƙarau, ko huda babbar jijiyar jinin da ke wucewa kusa da ƙofar. Wadda ta fi tayar wa likitoci hankali ita ce fata ta mutu amma tana ƙuna ko tsikari ba dare ba rana, domin wannan ya fi ciwon asali wuyar magani. Tsoronta ne ya sa aka rage tsawon matsi.

Sannan jijiya takan farfaɗo, ciwon kuma ya biyo ta. Wani nazari da Skirving da Dan suka wallafa a 2001, a kan majinyata 496 da aka yi wa aikin a Ostiraliya cikin shekara 20, ya nuna ciwon ya dawo wa kusan kashi 19 cikin 100 a shekara biyar na farko, jimillar waɗanda ya dawo wa kuwa ta kai kusan kashi 32 cikin 100. Ma'aunin yana da kaifi biyu. In likita ya tsawaita matsi, sauƙi ya daɗe amma fata ta ƙara mutuwa. In ya gajarta, fata ta tsira amma ciwo ya yi saurin dawowa.

Wa ya dace da ita?

Ba za a fahimci matsayin wannan tiyata ba sai an jera ta da takwarorinta. Babbar cikinsu ita ce wadda Peter Jannetta ya yaɗa daga 1967, inda ake buɗe ƙashi a bayan kunne, a ɗage jijiyar jinin daga kan saiwar, a sa ɗan matashi na tefulon a tsakaninsu. Ita kaɗai ce ke tunkarar tushen matsalar ba tare da nufin raunana jijiya ba. Rahoton da aka wallafa a 1996 a kan majinyata 1,185 ya nuna kashi 70 cikin 100 suna nan babu ciwo bayan shekara goma. Ga mai sauran ƙarfi wanda hoto ya nuna jijiyar jini na danne masa saiwa, wannan ita ce ta fi, kuma bai kamata sauƙin balan-balan ya ruɗe shi ba. Sai dai babbar tiyata ce, tana buƙatar kwanaki a asibiti, haɗarinta kuma ya fi girma.

Ta ƙofar Härtel ɗin dai ana iya ƙona zaruruwan da zafin lantarki, kamar yadda Sweet da Wepsic suka bayyana a 1974, ko a ɗura ruwan gilisarol a kogon, dabarar da Håkanson ya kawo a Suwidin a 1981. Ƙonawa tana ba da damar zaɓar reshe ɗaya tak, amma sai an riƙa tayar da majinyaci a tsakiyar aiki ana tambayarsa inda yake ji, abin da ba kowa ke jurewa ba. Akwai kuma harba haske mai ƙarfi daga wajen kai da na'urar Gamma Knife, wadda ba a soka allura zuwa jijiyar, sai dai sauƙinta kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya zo, mai kukan yau kuwa ba ya iya jira.

Don haka balan-balan ya fi dacewa da tsoho ko mai wata larurar da ba za ta bari a buɗe masa kai ba, da mai cutar MS, da wanda ciwonsa ya shafi goshi da ido, da wanda aka riga aka yi wa wata tiyatar ciwon ya dawo, da kuma wanda ba zai iya ba likita haɗin kai yana farke ba. Kafin a sa hannu a takardar amincewa, wajibi ne a faɗa wa majinyaci ƙarara cewa musaya zai yi, ya ba da wani kaso na jin fuskarsa ya karɓi sauƙi, kuma sauƙin yana iya zama na wasu shekaru kawai. Idan ciwon ya dawo, ana iya komawa ga magani, wanda sau da yawa yakan sake aiki da adadi kaɗan, ana kuma iya maimaita matsin ta wannan ƙofa da aka bi a karon farko.